Yadda za ka zaga da iyali wuraren tarihi daga Gombe zuwa Bauchi cikin kwana uku

Abin da ya sa min wannan tunanin hira ce da wani abokina da yake karatu a Amurka, yake ce min mabiya cocin Mormon idan an yi hutu sai su loda yara a mota su bi sawun tarihinsu, daga Palmyra a jihar New York zuwa Nauvoo, su tsaya a Carthage inda aka kashe Joseph Smith wanda ya kafa cocin a 1844, har su dire a Salt Lake City inda Brigham Young ya kai su a 1847. Na ce ikon Allah, mu ga Mbormi nan kusa da mu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, amma yarana ko sunan ba su taɓa ji ba. Toh hutun Disamba da ya wuce muka fita, ga yadda za ka yi idan kana so.

Ka bari sai damina ta ɗauke, don hanyar shiga ƙauyuka idan ruwa ya sauka sai dai mashin. Kwana biyu kafin tafiya ka kai mota wajen bakanike ya duba birki da ruwan lagireto, safaya taya kuma ka tabbatar da iska a cikinta, ni tawa ashe a sace take ban sani ba sai da muka yi faci rana tsaka, uwargida ta yi ta min dariya. Ku riƙe kuɗi a hannu don taransifa ba ko'ina take tafiya ba, da ruwa a kula, da dambu ko soyayyen nama, kuma kar magariba ta same ku a hanya. Halin hanya direbobin tasha za ka tambaya, sun fi waya sani.

Ranar farko ku nufi Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye, daga nan a nuna muku hanyar Mbormi, wadda littattafai ke rubutawa Burmi. Amma tun a mota za ka fara ba yara labarin, in ba haka ba za su sauka su ga fili da kaburbura su ce Baba wai nan ne? Ka gaya musu yadda Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu ya yi hijira gabas da niyyar zuwa Makka, jama'a suna ta barin gonaki da gidaje suna bin sa, har aka cim masa a nan ranar 27 ga Yuli 1903 ya yi shahada tare da ɗimbin mutanensa. Kwamandan Turawan, Manjo Marsh, shi ma a nan ya mutu, kabarinsa na wajen. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har Sudan, garin Mai Wurno na can har yau da Hausawa da Fulani a ciki. Da na kawo nan babbar 'yata ta ce Abba wai da ƙafa suka je? Daga nan tambaya ta ɓarke har muka iso.

Idan kun isa kar ku wuce kai tsaye kamar gonar ubanku, ku fara gaida mai gari ko dattawan da ke wajen, ku ce Baba mun zo ziyara ne da yara, za a haɗa ku da wanda ya san wurin. Ku yi sallama ga mamata ku yi musu addu'a, a hana yara hawa kan kabari da ihu, hoto kuma a nemi izini. Wanda ya zaga da ku a ba shi na goro mai ɗan kauri, ba naira ɗari biyu da ta sha jiki ba.

Rana ta biyu ku yi sammako ta hanyar Dukku ku tsaya a Gombe Abba, asalin hedikwatar masarautar, inda kabarin Modibbo Buba Yero yake, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu. Yara da yawa sun ɗauka Gomben da muke ciki ita ce ta farko, alhali sai da Turawa suka mayar da fada Nafada a 1913 sannan Doma, wato Gomben yanzu, a 1919. Daga nan ku miƙe ta Darazo ku kwana a Bauchi.

Da safe a karya da masar Bauchi, wannan ba shawara ba ce dole ce. Sai ku bi ta ƙofofin ganuwa irin su Ƙofar Ran da Wunti da Wambai ku leƙa ƙofar fada, ka ba su labarin Malam Yakubu almajirin Shehu da ya kafa garin. Amma inda za ku daɗe shi ne kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim minista da aka kashe a juyin mulkin Janairu 1966. Shigar wurin ta wani lungu ce mai duhu, kana tafiya haske na ƙaruwa har ka fito fili inda kabarin yake ba rufi a sama, masu kula da wajen za su yi muku bayani cewa duhun mulkin mallaka ne hasken kuma 'yanci, autana dai riƙe min riga ya yi gam sai da muka fito. Akwai ɗakin da aka ajiye kayansa, ku bar yara su kalla a tsanake kar ka yi ta azalzalarsu.

Komawa gida ta hanyar Alkaleri ce, kusan kilomita 150 zuwa Gombe. In akwai sauran kuɗi ku karya kwana a Dindima ku shiga Yankari yara su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, amma fa wannan sai kun ƙara kwana, kuma ku rufe gilashin mota da ledar abinci don gwaggon birin wajen ba ya jin kunyar kowa, a gabana ya fizge burodi a hannun wani bawan Allah ya hau bishiya.