Darasi na 9: Buguwar kai da neman diyya

A ce mota ta buge ɗan acaɓa a bakin kasuwa. Ya faɗi, kansa ya daki kwalta, ya suma. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Jini kaɗan ne, ba karaya. Direba ya fito jiki na rawa yana cewa, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, tsautsayi ne." Jama'a suka sa baki, aka ba shi dubu ashirin na magani da gyaran mashin. Ya ce ya yafe, aka rubuta a takarda, ya dangwala hannu.

Sati uku ciwon kai bai sauka ba. Matarsa ta lura yana maimaita tambaya ɗaya sau uku, yana yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Wata rana ya tsaya a mararrabar da yake bi kullum, ya rasa hanyar gida.

Abin da ya yafe ƙujewar goshi ce, domin ita ya gani. Karayar ƙafa nan take ake ganinta. Kai kuwa, jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙonsa a hankali, sai bayan kwanaki ko makonni ciwon ya fito fili. Amai, barci mai nauyi, gani biyu-biyu, jini ko ruwa daga kunne, jijjiga, mutuwar ɓarin jiki, duk na asibiti ne, ba jira. Wasu gidajen sai a ce iska ce. A yi addu'a, amma a kai shi likita ya gani, in ta kama a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana asibiti korar wanda ke bukatar taimakon gaggawa.

Ba a neman diyya da baki. Katin asibiti, rasit na kowane magani, hoton kai, rahoton likita, rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, lambar motar, sunan wanda abin ya faru a gabansa. A zuba su a leda ɗaya, a ajiye inda ruwa ba ya kaiwa. Wanda kansa ya bugu ba a bar masa wannan aiki, tunda mantuwa tana cikin ciwon. Ɗan'uwa ko mata su riƙe, su kuma sami littafi suna rubuta abin da suka gani da kwanan wata: yau ya manta ya ci abinci, yau bai iya fita aiki ba.

To, wa zai biya? In mota ce, doka ta wajabta wa mai ita inshorar da ke biyan wanda ya buge. Tun Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga motar gida. Naira miliyan 3 da ake yawan ambata iyaka ce ta ɓarnar dukiya, raunin jiki lissafinsa daban. Sai dai takardar bogi ta yi yawa, don haka a duba sunan kamfanin inshorar tun a ranar.

In a wurin aiki ne, kamar lebura ya faɗo daga gini, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da ita. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa, ba a cire shi daga aljihun ma'aikaci. A sanar da mai kamfani cikin kwana 14, a shigar da nema cikin shekara ɗaya.

Sai kotu. Babbar kotun jiha tana duba kuɗin magani, da aikin da mutum ya rasa, da wahalar da ya sha. Jihohin Arewa 12 kuma, tun daga Zamfara a 2000, suna da dokokin Shari'a, kuma fiƙihun Malikiyya ya daɗe da yi wa raunin kai dalla-dalla. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce. Raunin da ya bayyana ƙashin kai, raƙuma 5. Wanda ya fasa ƙashin har ya gusa, 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyya. In hankali ya gushe, diyya cikakkiya, daidai da ta rai. Alƙali ne ke mayar da raƙuman kuɗi. Akwai kuma wata ƙa'ida a cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, da nake so kowane ɗalibi ya riƙe: ba a yanke diyyar rauni sai ya warke. Malaman da can sun san sai ciwo ya gama nuna kansa ake sanin girmansa. Mu ne dai muke yanke ta a bakin titi, cikin minti goma.

Sulhu alheri ne, kuma mai haƙƙi yana da ikon ya yafe. Ka karɓi kuɗin magani, ka ce wa direba, "Malam, na gode, amma maganar yafiya a bari sai likita ya sallame ni." Kada ka dangwala hannu a takardar da ba wani naka ne ya karanta maka ba. Haƙurin ma yana da wa'adi: a Abuja shekara 3 ne don shigar da ƙarar rauni, kowace jiha da nata, kuma in hukumar gwamnati za a kai ƙara, wa'adin yana iya zama wata 3 kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta ƙasa a babban birnin jiharsa.

Aikin gida: ka tsaya bakin titi ka kwafi lambobin motoci 5 a littafinka, harafi da lamba, tare da kwanan wata. Gobe a aji za ka karanta su, sannan ka rubuta wannan jimla da hannunka: "Na karɓi kuɗin magani, ban yafe ba tukuna."