Yadda za ka koma ƙaramin kibod ba tare da ka rasa maɓalli ko ɗaya ba

Kibod ɗin da ake haɗawa da kwamfutar tebur maɓallai 104 gare shi, ko 105 idan irin na Turai ne. Nawa 42 ne. Ba shi da layin lambobi, ba shi da F1 zuwa F12, ba kibiyoyi, ba Caps Lock, kuma a rabe yake gida biyu, kowane hannu da nasa. Sunansa Corne, wani ɗan Japan mai laƙabin foostan ne ya tsara shi ya saki zanen kyauta. Duk wanda ya gan shi, tambayarsa ta farko ita ce: to a ina kake buga lamba?

Ai ka riga ka san amsar, ba ka dai lura ba ne. Maɓallin da ke ba ka 1 shi ne ke ba ka alamar motsin rai idan ka danne Shift. Wato kibod ɗinka ma hawa biyu gare shi, kamar bene: ɗakunan sama suna zaune daidai kan na ƙasa, Shift ne matakala. Abin da ƙananan kibod suka yi shi ne ƙara hawa na uku da na huɗu, suka kwashe lambobi da kibiyoyi da alamomi suka kai can. Ba a jefar da komai ba, an dai matso da shi ƙarƙashin yatsa. Saboda haka aikin gaske ba sayen kaya ba ne, tsara hawan ne, kuma shi ya kamata ka fara yi tun kafin ka kashe ko sisi.

Masu harkar da kaso suke kiran girman. Idan aka cire ɓangaren lambobi na dama, saura 87. Mai kashi 65 ya zubar da layin F amma ya riƙe kibiyoyi. Mai kashi 60 maɓallai 61 ne, ba kibiya. Mai kashi 40 kuwa har layin lambobi ya tafi, kamar Planck na Jack Humbert, layi 4 kowanne da gurbi 12 a miƙe sambal. Akwai na ƙasa da haka, irin Ferris Sweep mai 34. Abin ba sabo ba ne: kamfanin PFU ya fitar da Happy Hacking Keyboard tun 1996 tare da Farfesa Eiiti Wada, ya mayar da Ctrl gurbin Caps Lock, ya bar kusurwoyin ƙasa biyu fayau.

Ni dai ban cika ba mutum shawarar mai kashi 60 ba, ko da yake yana da yawa a kasuwa. Ya ƙwace maka kibiyoyi, amma bai ba ka komai a madadinsu ba, domin har yanzu doguwar sandar tazarar nan tana nan ta cinye gurbin maɓallai shida da kwata, kuma manyan yatsunka biyu, waɗanda suka fi kowane yatsa ƙarfi, aiki ɗaya tak suke yi tsakaninsu. Maɓallin Fn kuma, wanda shi ne matakalarsa, an tura shi can lungu, inda ƙaramin yatsa ne zai sha wahala. Idan kana son ƙarami amma ba ka son sabon koyo, ɗauki mai kashi 65 ka huta. Idan kuwa ka yarda za ka koya, nemi wanda ya ba kowane babban yatsa maɓalli biyu ko uku. Wannan shi ne ma'aunina, kafin kyau, kafin sauti.

Gwajin farko a kan kibod ɗin da kake da shi za ka yi. Akwai manhajoji na kyauta da ke ba kowane kibod hawa: Karabiner-Elements a Mac, keyd a Linux, Kanata kuma yana aiki a Windows da sauran biyun. Ka sa Caps Lock ya zama matakala, ta yadda idan ka riƙe shi I da J da K da L su zama sama, hagu, ƙasa, dama. Ka liƙa takarda a kan kibiyoyin asali don kada hannu ya yi ta komawa can. Idan bayan mako guda ka ji miƙa hannu zuwa kibiyoyin ya fara yi maka nisa, harkar ta karɓe ka. Idan kullum haushi kake ji, ka tsira da kuɗinka.

A cikin wannan makon ka riƙa lura da abin da kake bugawa da gaske, ba abin da kake zaton kana bugawa ba. Mai rubuta labari waƙafi da aya da alamar zance yake bukata kusa. Mai rubuta manhaja baka-baka iri uku da alamar daidai da karan tsaye ne abincinsa. Mai aikin Excel lambobi da Tab da F2. Mai wasan kwamfuta da ke danna 1 zuwa 5 da hannun hagu alhali dama na kan linzami, gaskiya kashi 40 zai takura shi. Gara ya duba Lily58 ko Preonic, waɗanda suka riƙe layin lambobi.

Sai ka ɗauki takarda ka zana gurabun. Ga yadda nawa yake, ba don ka kwafa ba, don ka ga yadda ake tunanin. Hawan ƙasa haruffa ne kamar kowane QWERTY, wato jerin haruffan da aka saba da shi. Babban yatsan hagu yana da tazara a tsakiya, na dama yana da Backspace da Enter. Ka duba nisan da ƙaramin yatsa ke tafiya zuwa Backspace a kibod na yau da kullum, sau nawa a minti, za ka gane dalilin da ya sa na fara da shi. Idan na riƙe maɓallin babban yatsan hagu na ciki, hannun dama ya zama faifan lambobi: 4, 5, 6 a kan J, K, L, sai 7, 8, 9 a samansu, 1, 2, 3 a ƙasa. Idan na riƙe na dama, kibiyoyi da Home da End su fito. Riƙe biyun tare ya buɗe hawa na huɗu, inda na ajiye F1 zuwa F12 da ƙarar sauti da abubuwan da ba kullum ake taɓa su ba.

Ƙa'ida ɗaya ce nake ganin ba a karya ta: hannun da ya riƙe matakala ba shi ne zai yi bugun ba. Hagu ya riƙe, dama ya buga, ko akasin haka. Idan hannu ɗaya ya haɗa biyun, wuyan hannu zai riƙa murɗewa, ka koma gidan jiya. Ta biyu kuma ba doka ba ce, sauƙi ce: ka bar alamomi kusa da inda ƙwaƙwalwa ta san su. Wanda ya saba @ tana kan 2, to a hawan alamomi ya sa ta a gurbi na biyu na layin sama, ba sai ya haddace sabon wuri ba.

Dabarar da ta fi ba ƙaramin kibod ƙarfi ita ce maɓalli mai aiki biyu: ka taɓa ka saki ya ba da abu ɗaya, ka riƙe ya ba da wani. A QMK, manhajar da ke cikin yawancin waɗannan kibod, rubuta LT(1, KC_SPC) na nufin taɓawa tazara ce, riƙewa hawa na 1. A nan kuma gizo ke saƙa. Kibod ɗin ba ya sanin niyyarka, lokaci yake aunawa, kuma ma'aunin da QMK ke zuwa da shi milisakan 200 ne. Mai saurin bugu yakan danna harafi na gaba kafin ya gama sakin na baya, mai nauyin hannu kuma yakan daɗe a kan maɓalli, kowannensu sai ya ga abin da bai nema ba ya fito. Maganin shi ne ka riƙa matsar da lambar kaɗan kaɗan, goma ko ashirin a lokaci guda, ka yi aikin yini da ita kafin ka sake taɓawa.

Wasu sukan kai dabarar nan har layin tsakiya, su ɗora Shift da Ctrl da Alt a kan haruffan da yatsu ke hutawa, A, S, D, F da takwarorinsu na dama. Tsarin Miryoku mai maɓallai 36 a kan haka aka gina shi, kuma yana da daɗi ƙwarai idan ya zauna. Amma kada ka fara da shi. Mai gurabu 42 yana da layin gefe da zai ajiye Shift da Ctrl na gaske. Shift musamman, wanda ake dannawa a tsakiyar gudu, na fi son sa a maɓallinsa shi kaɗai.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna bukatar ka fahimci abu ɗaya: kibod ba harafi yake aika wa kwamfuta ba, lambar gurbi yake aikawa, tsarin harshen da ke kan kwamfutar ne ke mayar da ita harafi. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka sa tsarin Hausa a kwamfutar, ka tabbatar ka bar wa kanka maɓallan da tsarin ke amfani da su a wuri mai sauƙi. QMK na iya aika harafin Unicode kai tsaye, ƙ misali lambarta 0199, amma sai an saita kowace kwamfuta daban, a Windows ma galibi sai an ƙara wata manhaja mai suna WinCompose.

Yanzu sayayya. A karon farko nemi allon lantarki mai ramukan da ake cusa suwic, wato abin da ke dannuwa a ƙarƙashin kowane maɓalli, a zare ba tare da dalma ba, domin ba ka san irin wanda hannunka ke so ba tukuna. Suwic iri uku ne a jimlace: mai sauka sumul kamar Cherry MX Red, mai ɗan tudu a hanya kamar Brown, da mai ƙara kamar Blue, wanda abokan ofis ba za su gode maka ba. Yawancin irin MX milimita 4 suke sauka, su kama a wajen milimita 2. Tunda za ka riƙa riƙe maɓallai da babban yatsa, masu laushi sun fi, giram 45 ko ƙasa. Akwai kuma gajeru irin Kailh Choc. Ka sani ƙafafunsu da hulunansu, wato murafun da yatsa ke taɓawa, ba sa shiga na MX, don haka ka duba wanne allon ke karɓa kafin ka biya.

Huluna su ne inda mutane ke asarar kuɗi. Saitin da aka yi wa babban kibod kowane layi da tsayinsa da karkatarsa, kuma ba lallai ya ƙunshi ƙananan Enter da Shift da mai kashi 40 ke bukata ba. Ga kibod mai layi a miƙe, sayi masu siffa ɗaya duka, irin DSA ko XDA, ka sa kowacce inda ka ga dama. Marasa rubutu ma sun fi, tunda maɓalli ɗaya aiki huɗu yake yi, rubutun saman kashi ɗaya kawai zai faɗa maka. Ka dai tabbatar akwai biyu masu ɗan ƙullutu na F da J.

Idan kai za ka harhaɗa da dalma, kowane suwic yana da diyod ɗinsa, galibi 1N4148, kuma yana da gaba da baya; layin da ke jikinsa ya bi alamar da ke kan allo, in ba haka ba maɓallin ba zai yi magana ba. Ka ɗora manhaja a kan kwakwalwar kibod ɗin, wato ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa shi, tun kafin ka liƙa ta, sannan ka gwada kowane gurbi da ɗan hantsaki kafin suwic ya hau. Wajen zaɓen kwakwalwa, RP2040 ta fi tsohuwar Pro Micro mai ATmega32U4, wadda kilobait 32 kacal gare ta, tana cika da wuri. Mai son marar waya kuwa nice!nano da manhajar ZMK zai nema, ba QMK ba. Ga kibod mai rabi biyu da wayar TRRS ke haɗawa: kada ka taɓa zare ko cusa wayar tsakiya alhali USB na jone. Bakinta yakan goga wuta a inda bai kamata ba yayin shiga, ya ƙona ƙafar kwakwalwar.

Kwanakin farko saurinka zai faɗi warwas, musamman a kan mai layi a miƙe. Karkatar layukan da muka saba da ita gadon keken rubutu ne na shekarun 1870, inda sandunan ƙarfe ke bukatar hanyar wucewa, kuma ta ɓoye mana miyagun ɗabi'u. Rababben kibod zai tona su: wanda ke buga B da hannun dama ko Y da hagu zai kai yatsa ya tarar da iska. Layin ƙasa na hagu, Z, X, C, V, shi ya fi daɗewa bai zauna ba. Minti goma sha biyar a shafukan koyon bugu irin keybr ko Monkeytype kowace rana sun fi awa uku a rana ɗaya. Kuma kada ka haɗa wannan da koyon sabon jerin haruffa irin Colemak ko Dvorak a lokaci guda. Idan abu ya ƙi, ba za ka san wanne ne mai laifin ba.

Za ka ji kwaɗayin sauya taswirar maɓallanka kullum, musamman da manhajojin VIA ko Vial, waɗanda ke ba ka damar sauya maɓalli nan take ba tare da sake ɗora manhaja ba. Daure. Ajiye takarda a gefe, duk abin da ya ba ka haushi ka rubuta, ƙarshen mako ka gyara biyu ko uku da suka fi maimaituwa. Yatsa ba ya haddace abin da ke ƙaura kowace safiya. Ka kuma tabbatar Del da F2 da F12 suna inda za ka same su da sauri, saboda da su ake shiga saitin BIOS, wanda ake buɗewa daidai lokacin kunna kwamfuta, a kwamfutoci da yawa, kuma 'yan daƙiƙu kawai ake ba ka. Duk lokacin da ka yi gyara, ka fitar da taswirar a fayil ka adana a wani wuri daban, domin VIA da Vial a cikin kibod ɗin suke ajiye ta, kuma sake ɗora manhaja yakan share ta gaba ɗaya.