Darasi na Bakwai: Ƙwayar Cutar da Ke Kawo Maruru

Maruru ba ya fitowa haka kawai. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Likitoci na kiranta Staphylococcus aureus, jama'a kuma na cewa "staf". Ido ba ya ganinta sai da madubin likita, inda take bayyana a cure kamar nonon inabi. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Sikotland, Alexander Ogston, shi ya gano ta a cikin mugunya a shekarar 1880.

A jikinmu take zaune: a fata, a hammata, a cikin hanci. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci, kuma lafiyarsa ƙalau. Takan kuma maƙale a tawul da zanin gado da reza.

Muddin fata ba ta buɗe ba, da wuya ta yi ɓarna. Amma in aka yanke, ko aka ƙone, ko aka sosa ƙurji har ya ɗaye, sai ta sami ƙofa. Jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta. Gawar ƙwayoyin jinin da ta ƙwayoyin cutar da ta taru a wurin ita ce mugunya. Haka maruru ke samuwa, da hazbiya a ido, da kumburin nonon mai shayarwa. In ta kai ga jini ko ƙashi, magana ta girma, tana iya kisa.

To, in maruru ya fito, me za a yi? A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗora a wurin kamar minti goma, sau uku ko huɗu a rana. In ya fashe, a wanke da sabulu a rufe, a wanke hannu. Don Allah kada a matse shi, musamman wanda ya fito tsakanin hanci da leɓe, domin matsa na tura cutar ciki. A tafi asibiti in akwai zazzaɓi, ko kumburin na yaɗuwa, ko mai shi na da ciwon suga. Jaririn da cibiyarsa ke wari ko zubar da mugunya kuwa, ba a kwana da shi a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne shan kafso barkatai. Da can allurar fenisilin na gamawa da wannan cuta. Yanzu yawancinta sun daina jin ta. A 1961 aka ga wani nau'inta a Ingila da ya bijire wa sabon maganin da aka kawo, ana ce wa nau'in MRSA, yau kuma ya bazu a duniya. Duk wanda ya sayi kafso biyu a kemis, ya sha ya bari, yana taimaka wa cutar ta saba da magani.

Sai masu tallar magani da lasifika a tasha, masu cewa staf ciwon sanyi ne da ke hana haihuwa. Likitoci ba su lissafa shi cikin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. In takardar gwaji ta nuna staf, wani lokaci daga fata kawai ta shiga abin gwajin. A kai wa likita takardar ya duba kafin a kashe ko kwabo.

Tambayoyi
1. A ina wannan ƙwayar cuta ke zama?
2. Yaushe ake kai mai maruru asibiti?