Darasi na 7: 'Yan Aiken da ke Yawo cikin Jini

Kana dawowa daga gona da almuru, sai ka hango wani baƙin abu a kwance tsakiyar hanya. Gabanka ya faɗi. Zuciya ta hau dukan uku-uku, bakinka ya bushe, ka daka tsalle har ka manta da ciwon gwiwa. Da ka haska tocila, ashe tsohuwar igiyar guga ce.

Wa ya ba ka wannan ƙarfi nan take? A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai tsokar ta zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adirenalin. Irin waɗannan sinadarai likitoci na ce musu homon. Homon ɗan aike ne. Jini ne hanyarsa, yana ratsa jiki duka, amma sai gaɓar da aka aike shi wurinta take buɗe masa ƙofa.

Mai ba da yawancin umarnin tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ana kiranta fituwitari, kuma ba ta wuce girman ƙwayar wake ba. Mai jego ta san aikinta ko ba ta san sunanta ba. Idan jariri ya kama nono, fituwitari ta saki homon da ke sa ruwan nono ya sauko. Shi ne kuma yake tsuke mahaifa. Shi ya sa mara take murɗawa lokacin shayarwa a kwanakin farko, mahaifa ce ke komawa yadda take.

Yanzu ku taɓa gaban wuyanku, ƙasa da maƙogwaro kaɗan. A nan tayirod take. Homon ɗinta ne ke tsara saurin da jiki yake ƙona abinci. In ya yi yawa, mutum ya rame, hannu na rawa, gumi ba dalili. In ya yi kaɗan, sai kasala da jin sanyi da ƙiba. Tayirod ba ta iya aiki sai da sinadarin aidin. Abin mamaki, aidin da mutum ke buƙata a duk rayuwarsa bai wuce cikin cokalin shayi ba. To amma in babu shi, fituwitari za ta yi ta aiko da saƙo, tayirod ta yi ta ƙoƙari har ta kumbura. Kumburin nan shi ne maƙoƙo. Ba jifa ba ne, ba kuma aikin maƙiya ba. Wanda ya fi cutuwa ma shi ne ɗan da ke ciki, domin rashin aidin yana tauye ƙwaƙwalwarsa tun kafin a haife shi. Saboda haka ne tun 1993 dokar Najeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci.

A bayan tumbi kuma akwai fankiriyas, mai yin insulin. Insulin ne ke shigar da suga daga jini zuwa inda jiki zai more shi. In ya gaza, sai ciwon suga: yawan fitsari, ƙishirwa, ramewa, gyambon da ya ƙi warkewa. A 1921 ne likitoci a birnin Toronto na Kanada suka fitar da insulin, ya zama magani. Mai waɗannan alamu ya je asibiti a auna jininsa.

Aikin gida

Ku duba ledar gishirin gidanku, ku gani ko an rubuta yana da aidin. Wanda karatunsa bai kai nan ba ya kawo ledar aji mu karanta tare. A zuba gishirin a mazubi mai murfi, nesa da murhu da danshi, domin aidin yana gudu.

Sannan ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku: ƙoda, wuya, maƙoƙo, gishiri.