Yadda Za Ka Tono Tarihin Bankin Farko a Garinku

Duk wanda ya ƙuduri aniyar rubuta tarihin bankin farko da aka buɗe a garinsu a ƙasar Sudan, ko a bakin kogi ne wajen Mai Wurno da Sinnar, ko a ƙauyukan noma na Gadarif, ya fara da sanin cewa sunan da ke saman ƙofar reshen a yau ba lallai ne shi ne sunansa na asali ba. A watan Mayu na 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta karɓe bankunan waje, ta sauya musu suna, kuma daga cikinsu Barclays ne ya rikiɗe a hankali har ya zama Bankin Khartoum a 1975. Saboda haka idan dattijo ya ambaci wani suna da ba ka taɓa ji ba, ka rubuta shi yadda ya furta, domin wataƙila shi ne bakin zaren.

Kafin ka nemi banki, ka nemi abin da ke nan kafin zuwansa. Kakanninmu da suka taso daga yamma da niyyar aikin hajji, suka tsaya cirar auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, suna da hanyoyinsu na adana kuɗi: ajiya a wurin attajiri amintacce, adashin mata, da kuma shel, wato bashin da ɗan kasuwa ke ba manomi da damina a biya shi da dawa ko riɗi a farashi mai rauni lokacin kaka. A ganina nan ne zuciyar labarin take, domin ƙuncin shel yana cikin dalilan kafa Bankin Noma na Sudan a 1957, kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko zuwan reshen ya sassauta wa mai hawasha ɗaya, wato ƙaramin manomi mai gona guda, ko kuwa manyan manoma kaɗai ya amfana.

Takardun gida su ne shaidarka ta farko: littafin ajiya, rasit, takardar bashi. Ko babu kwanan wata, kuɗin da aka rubuta zai nuna maka zamani, tunda fam ɗin Masar ake kashewa kafin 1957, sannan fam ɗin Sudan, sai dinari daga 1992, kafin fam ya dawo a 2007. Ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka, gaba da baya, ka mayar wa mai ita nan take.

Sai hira, wadda ke buƙatar ladabi da haƙuri. Tsohon masinja da mai gadi sukan fi manaja riƙe labari, domin manaja baƙo ne da ake yi wa canjin wurin aiki, su kuwa 'yan gari ne. Bayan doguwar gaisuwa kana iya cewa, "Baba, a wane gida aka fara buɗe bankin nan, kuma wa ya fara kai kuɗinsa?" Kada ka tambayi mutum nawa ya ajiye ko nawa aka bi shi. Ka je wurin iyayenmu mata da malamai ma, musamman kan batun riba, wato kuɗin ruwa, wanda ya hana mutane da yawa kusantar banki har aka kafa Bankin Musulunci na Faisal a 1977. Duk labarin da mutum ɗaya ya ba ka, ka nemi na biyu da zai tabbatar da shi.

Akwai takardun mulkin Turawa a Jami'ar Durham ta Ingila, akwai kuma ma'ajiyar tarihin Barclays a Manchester, kuma ana iya aika musu saƙo ta intanet. Amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa iyalai da akwatunansu, don haka ka fara da dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwarku, ka naɗi muryarsa da izininsa, ka aika kwafi ga ɗan'uwa a wani gari.