Zafin tafin ƙafa da bitamin B5: kurakuran yaran kemis

Na gaji da maimaita wa sababbin yaran kemis na Aboabo da Asawase a Kumasi magana ɗaya a kan bitamin B5, wanda ake rubuta pantothenic acid a jikin kwali. To ga ta a rubuce.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na zafin tafin ƙafa. Dattijo zai zo ya ce ƙafarsa na ci da wuta da dare, kafin ya rufe baki an miƙa masa B-complex, wato ƙwayoyin haɗin bitamin B. I, rashin B5 yana kawo haka; an gani a jikin fursunonin Yaƙin Duniya na Biyu a Asiya, waɗanda yunwa ta rame su. Amma babban mutum miligiram 5 kacal yake buƙata a rana, mai ciki 6, mai shayarwa 7. Akwai shi a hanta, ƙwai, kaza, gyaɗa, wake, dankali da madara. Wanda ya karya da koko da ƙosai, ya ci waakye (shinkafa da wake) da ƙwai da rana, ina zai rasa shi?

Haka aka yi wa kawuna. Wani mai kemis ya ɗora shi a kan waɗannan ƙwayoyi, duk ƙarewar kwalba a ce, "Alhaji, ƙara ɗaya." Ashe ciwon suga ne ke cin jijiyoyinsa. Ƙusa ta soke shi ta cikin silifa bai ji ba, sai da aka ga jini a kan tabarmar sallarsa. Da muka isa asibiti gyambon ya riga ya yi nisa, aka yanke yatsa. Ku ji tsoron Allah! Na'urar gwada suga tana gabanku a kan kanta. Ni duk wanda ya kawo mini wannan kuka, sai an huda masa yatsa an gwada, sannan in tura shi asibiti ko da lambar ta yi kyau, domin ƙarancin B12 da shan giya ma suna kawo shi.

Na biyu, 'yan mata masu ƙurajen fuska. Sun gani a TikTok, suna haɗiyar B5 giram-giram. Hujjar cewa yana kashe ƙuraje ba ta da ƙarfi. Bitamin ne mai narkewa a ruwa, rarar tana fita a fitsari, idan kuwa an kai wajen giram 10 a rana, gudawa ce za ta biyo. Ba na sayar musu. Nakan ce su ga likitan fata.

Masu neman "maganin ƙarfi" kuma su sani, aikin B5 shi ne ƙera coenzyme A, wanda jiki ke juya abinci zuwa kuzari da shi. Wanda ba ya da ƙarancinsa, ƙari ba zai sa masa komai ba. A duba masa jini da maleriya.

Panthenol, dangin B5 da ake sawa a man wanke gashi, yana sa laushi, ba ya tsirar da gashi a sanƙo. Fitsari ya yi rawaya shar bayan B-complex, aikin B2 ne, kada ku tsorata mutane. Uwayenmu mata, ku daina zubar da romon nama da hanta, domin B5 yana narkewa ya shiga cikinsa; a juye shi cikin miya. Kwalbar da aka sayo a bakin kasuwar Kejetia babu lambar rajistar FDA (hukumar kula da abinci da magunguna) kuwa, ba ta hawa kantata.