Yadda ake fitar da bayanai daga rumbun bayanai zuwa Excel da Word ba tare da sun lalace ba

Fitar da sakamakon tambaya, wato umarnin SQL na neman bayanai, daga PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, aikin minti ɗaya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin buɗe fayil ɗin a Excel.

Fara gyara tun daga tambayar. Kada ka rubuta SELECT *, zaɓi ginshiƙan da ake buƙata kawai, ka sa musu sunan da mai karatu zai gane, ka jera su da ORDER BY. A cikin psql, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni, rubuta wannan don fitar da fayil ɗin CSV, wato rubutu zalla da waƙafi ke raba ginshiƙansa, duk umarnin a layi ɗaya:

\copy (SELECT suna AS "Sunan ɗalibi", waya FROM dalibai ORDER BY suna) TO 'dalibai.csv' WITH (FORMAT csv, HEADER, ENCODING 'UTF8')

Lura da sandar da ke gaban copy. Da ita, fayil ɗin zai sauka a kwamfutarka. In babu ita, a kan sabar, wato kwamfutar da rumbun yake, zai nemi ajiyewa, kuma galibi za a ce ba ka da izini.

To, kada ka danna fayil ɗin sau biyu don buɗewa. Excel zai yi hasashen tsarin haruffan, sau da yawa kuma ya ɗauke shi a matsayin Windows-1252. Nan take "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗalibi" ya zama "É—alibi". Bayanan lafiyarsu ƙalau, karatun ne ya karkace. Buɗe Excel tukuna, ka shiga Data, ka zaɓi From Text/CSV, a File Origin ka sa 65001, wato UTF-8.

Kafin ka danna Load, shiga Transform Data ka mayar da ginshiƙin lambar waya Text. Idan ya tambaye ka, zaɓi Replace current, don in ka ƙara sabon mataki an riga an cinye sifilin farkon lambar. Wannan ne ya fi cutar mutane: lambar da ta fara da 0803 sai ta dawo 803, lambar asusun banki mai lamba 10 da ta fara da sifili ta koma 9, a zo biyan albashi banki ya ƙi karɓa. Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15, saboda haka mai 16 ƙarshenta zai zama 0, kuma in ka adana a haka ta tafi ke nan. Duk lambar da ba lissafi za a yi da ita ba, rubutu ce.

A Nijar da Kamaru, inda kwamfutoci da yawa ke kan saitin Faransanci, Excel waƙafi mai ruwa yake jira tsakanin ginshiƙai. In ka ga komai ya cunkushe a ginshiƙi ɗaya, ƙara DELIMITER ';' a umarnin. Kwanan wata kuwa ka fitar da shi shekara, wata, rana, kamar 2024-03-05, don 05/03 wata kwamfutar Maris za ta karanta, wata Mayu.

Shafi ɗaya na Excel layi 1,048,576 yake ɗauka. Gudanar da count(*) a rumbun don ƙirga layukan, ka kwatanta da abin da ya shiga Excel.

Rahoton da ake yi duk wata bai kamata ya bi ta CSV ba. Da pandas, kayan aikin sarrafa bayanai a Python, read_sql sannan to_excel, za ka samu xlsx, fayil ɗin Excel, kai tsaye, rubutu ya zauna a rubutunsa.

Takardu irin su rasit ko sakamakon jarrabawa kuma, a Word ka shiga Mailings, Select Recipients, Use an Existing List, ka nuna masa fayil ɗin Excel. Kuɗi kan fito tsirara, 25000 maimakon 25,000.00. Danna Alt+F9, ka ƙara \# "#,##0.00" a ƙarshen filin kuɗin, kafin alamar } mai rufe shi, sannan F9. In PDF za ka fitar ta ReportLab, kayan aikin Python na haɗa PDF, salon haruffansa na Helvetica ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, baƙaƙen akwatuna za ka gani a gurbinsu. Yi rajistar salon haruffa na DejaVu Sans ko Noto Sans a cikinsa, ka gwada da suna mai ƙugiya kafin ka buga ɗari biyar.